YouGlish: inda za ka ji yadda Faransawa ke maganar abinci da bakinsu

Littafin koyon Faransanci zai ba ka le petit-déjeuner, le déjeuner da le dîner, wato karin kumallo, abincin rana da na dare, ya tsaya nan. Amma a cikin gida p'tit déj za ka ji ana cewa, abincin kansa kuma la bouffe. Wannan giɓin ne shafin YouGlish yake cikewa, kuma kyauta ne.

Ka zaɓi Faransanci, ka rubuta kalma ko jimla, sai ya zaƙulo maka guntayen bidiyo daga YouTube, kowanne yana farawa daf da inda aka furta ta, rubutun maganar yana ƙasa. Akwai maɓallin maimaitawa da na rage sauri.

Fara da "on mange quoi ce soir", wato me za mu ci da daddare. Bakuna goma sun isa kunnenka ya kama cewa "on" ake cewa a hira maimakon "nous", wato mu. Daga nan ka nemi "j'ai la dalle" da "je crève de faim", duka biyun yunwa ce mai tsanani. "Manger sur le pouce", cin abinci a gurguje. Grignoter, ɗan taɓa wani abu tsakanin abinci da abinci. Da le goûter, abin da yara ke ci wajen ƙarfe 4 bayan makaranta. A "j'ai pas faim", wato ba na jin yunwa, za ka ji yadda kalmar korewa ta Faransanci "ne" take ɓacewa gaba ɗaya, abin da yake rikita mai koyo idan daga takarda kawai ya san harshen.

Babban rauninsa shi ne ba ya faɗa maka a gaban wa ake furta magana. Bouffer, wato cin abinci, ta abokai ce. A teburin surukai ko na maigidan aiki manger ce ta dace. Sai ka riƙa lura da mai maganar da wanda yake yi wa. Haka kuma haruffa yake bi, ma'ana ba ruwansa: ka rubuta dalle kaɗai, zai haɗo maka falalen siminti da que dalle, wadda ke nufin ko kaɗan babu. Maganinsa a rubuta jimlar a cike. Kalmomin da aka gutsure kuma a gwada su da rubutu biyu, "p'tit déj" da "petit déj".

A kula da ƙasar mai magana. A Faransa déjeuner na rana ne, dîner na dare, wajen ƙarfe 8. A Beljiyam, Suwizalan da Kebek ta Kanada déjeuner karin kumallo ne, dîner na rana, na dare kuwa souper.

Shafin bai dace da sabon mai koyo ba, domin babu darasi a tsare, kuma bidiyo yana cin data. Wanda ya riga ya iya haɗa jimla, minti 15 a rana da jimloli uku sun wadatar, yana tsayar da bidiyon yana maimaitawa da ƙarfi.