Daga Nima zuwa Fagge: Shirin ganawar neman aiki ta intanet a Akra da Kano

Ƙanina, bayan gaisuwa da fatan Baba da Hajiya suna cikin ƙoshin lafiya, na ga saƙonka inda kake tambaya ko ya kyautu ka biyo ni Akra kafin ranar da kamfanin nan na Ingila ya sa maka domin ganawa ta intanet, saboda ka ji ana cewa komai a nan yana tafiya daidai. Zan faɗa maka inda Gana ta fi mu da inda ba ta fi mu ba.

A wajen wutar lantarki Akra ta yi wa Kano fintinkau, wannan ba abin musu ba ne. Tun 1965 madatsar ruwa ta Akosombo take ba ƙasar wuta, yanzu kuma tashoshi masu aiki da iskar gas sun ɗauki kaso mai yawa. Duk da haka mutanen nan ba su manta da ɗauke wutar da suka sha daga 2012 zuwa 2016 ba, wanda suke kira dumsor, kuma har yau akan ɗauke ba sanarwa. Wani abin da ke kayar da baƙo shi ne mita, domin galibi ta biya kafin amfani ce, kuma idan kuɗin da aka zuba ya ƙare wuta za ta yanke ko da kana tsakiyar amsa tambaya, musamman a gidan haya inda ɗakuna da yawa suke kan mita ɗaya. Saboda haka mai ganawa a nan, kamar takwaransa na Fagge, sai ya cika cajin kwamfuta da waya ya kuma tanadi fawa banki.

Intanet kuwa kusan kunnen doki ne. MTN ce ta fi yawan jama'a a ƙasashen biyu, a nan kuma akwai Telecel, wadda ta gaji Vodafone, da AT. Amma kai baƙo ba za ka yi rajistar layi mai ɗorewa ba sai da katin shaidar baƙi, wanda da dala ake ƙayyade kuɗinsa, alhali layinka na gida yana hannunka a haɗe da lambar NIN. Sannan igiyoyin ƙarƙashin teku ɗaya muke sha: ranar 14 ga Maris 2024 da suka tsinke, Akra da Legas da Abijan duk tare suka shiga matsala. Abin da ke ceton mutum a ko'ina shi ne layi biyu na kamfanoni daban, da isasshiyar data a kowanne, da gwada Zoom ko Google Meet ko Teams kwana ɗaya kafin ranar, a daidai wurin da zai zauna.

Inda Kano ta yi nasara shi ne tsada da sarari. Abin sa wa a kunne mai makirufo da ƙaramar fitilar haska fuska, a ganina sun fi sauƙi a kasuwar Farm Centre fiye da kasuwar wayoyi ta Circle a nan Akra idan ka juya sidi zuwa naira. Haya kuma a nan masu gida sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake doka wata shida ta yarda. Shiru ma kaya ne mai tsada a unguwar Nima ta nan Akra, inda ɗaki ke jikin ɗaki, ga masu talla, ga kwandastocin tirotiro, wato ƙananan motocin bas na haya, suna kiran fasinja, har wasu samarin Zango sukan biya kuɗin awa a ofisoshin haya na unguwar Osu don kawai su sami bango fari da ƙofa mai rufuwa. Kai kana da shagon zauren gidanmu kyauta. Ka roƙi Hajiya ta riƙe yara na awa ɗaya, ka fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarka, ka ɗora kwamfutar daidai idonka.

Sauran aikin ba ƙasar da ke sayar da shi. Ka karanta abin da kamfanin yake yi, ka shirya misalai biyu ko uku na aikin da ka taɓa yi da sakamakonsa, ka yi Turancinka a hankali ba tare da ƙoƙarin kwaikwayon harshen Bature ba. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban babba a nan ba ta taimako, domin su kallon kyamara suke ɗauka alamar natsuwa. Kuma duk wanda ya nemi ka tura kuɗi kafin ganawa, ta MoMo ne, wato tura kuɗi ta waya, ko ta banki, ɗan damfara ne.

Ka kula da agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan ɗaya ne da na Kano, bayan nan kuma sai ya koma daidai da na Akra, wato Kano tana gaba da awa ɗaya. Ka sake duba wasiƙar gayyatar ka ga wane lokaci suka rubuta. Kuɗin motar da ka tara ka sayi data da man janareta, ni kuma ranar Asabar bayan la'asar ɗinku, in Allah ya yarda, zan kira ka ta Zoom in yi maka tambayoyin gwaji.