Wata biyar Fijon mahaifinmu ta yi a gareji, ga yadda aikin ya kasance

Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1981, fara, irin wadda kowa ke kira Fijo. Mahaifinmu ya saye ta sabuwa fil da bashin mota lokacin yana koyarwa. Ita ta kai mu makaranta, ita ta ɗauko amaren gidanmu guda uku. Bayan rasuwarsa ta shekara 11 a gindin mangwaro a gidanmu na Gangare, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Bara da aka zo raba abin da ya saura, 'yan gwangwan suka yi mata kuɗi, yayyena suka ce a sallama. Ni kuwa na ce a sa min ita cikin rabona. Yayata har da cewa na sayi wahala da kuɗina.

Tun da ta hau titi mutane ke tare ni a bakin masallacin Juma'a suna tambayar inda aka yi aikin. Ba zan ambaci sunan garejin ba, don akwai yabo a bakina akwai kuma ƙorafi. Abin da zan iya faɗi shi ne yana wajen Farin Gada, kuma mai shi dattijo ne da kowa ke ce wa Baba.

Kafin na kai gare shi na zaga gareji uku. Dukkansu magana ɗaya suka yi min: a cire injin a jefar, a ɗora na wata motar Japan ɗan Beljiyam, a huta. Ba ƙarya suka yi ba, hakan ya fi sauƙi. Amma ni ba motar zuwa aiki nake nema ba, ƙarar da na saba ji da asuba ina yaro nake so in sake ji. Wani mai sayar da kayan gyara a Dilimi ne ya ce min in daina yawo, in je wurin tsohon da ya yi aiki a masana'antar Fijo da ke Kakuri, Kaduna.

Ranar da muka jawo ta da igiya, Baba bai ko kalli bodin ba. Bonat ya sa aka buɗe, ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya sa sifana a gaban inji ya ɗan taɓa, ya ji ya maƙale. Wani yaronsa ya ɗauko dogon ƙarfe zai danna da ƙarfi, Baba ya daka masa tsawar da har ni na razana.

Na ce, “Baba, za ta tashi kuwa?”

Ya ce, “Ɗana, wannan injin ba ya mutuwa, kashe shi ake yi. In za ka iya haƙuri, bar min ita.”

A nan na fara gane abin da zan biya kuɗi a kansa. Injin 504 mai shan fetur a kwance yake ta gefe guda, kuma silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a haɗe yake da gangar injin ba. Zura shi ake yi, ruwan sanyaya inji na zagaye shi, da abin toshewa a gindinsa. In aka ɗage kan injin, sannan wani ya juya karanshaf ba tare da an danne silif ɗin ba, sai ya motsa, toshiyar ta saki. A haɗa inji lafiya ƙalau a ido, bayan sati biyu ruwa ya gauraye da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Baba ya ce yawancin Fijon da aka ce masa sun mutu ta wannan hanyar aka kashe su. Yana da wasu 'yan ƙarafa da ya yanka da kansa, yana ɗaure su a kan silif ɗin da zarar ya ɗage kai. Sai da ya jiƙa fistin ɗin da man gas na kwana tara kafin ya yarda a taɓa.

Ranar da aka mayar da kan injin ina wurin. Ya ɗauko sifanarsa mai auna ƙarfin ɗauri daga wani akwatin katako da ba ya bari kowa ya buɗe. Daga tsakiya ya fara ɗaure notunan, ya riƙa zagayowa waje, bai gama a zagaye ɗaya ba, kaɗan-kaɗan yake ƙarawa. Kan injin na alminiyam ne, in aka matse gefe guda ya fi wani sai ya lanƙwashe, gasket ta ƙone. Sauran makanikai da na sani da ƙarfin damtse suke aunawa, in sun ji noti ya yi ƙara su ce ya ɗauru. Da na faɗa masa haka, dariya ya yi ya ce a Kakuri in ka auna da damtse ba za ka kai ƙarshen wata ba.

Hira da shi ma wata riba ce da ba ta cikin lissafi. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato, shi ya buɗe ta 'yan watanni kafin a hamɓarar da shi. Baba ya shiga bayan shekara biyu yana saurayi. Ya ce kayan motar a akwatuna suke zuwa daga Faransa, jirgin sama ya kwaso su daga birnin Liyon ya sauke a Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Shi aikinsa na farko a layin da ake aurar da inji da giya ga bodi ne. Mota ta zo gabanka, kana da 'yan mintoci, ka yi naka ta wuce, wata ta zo. Noti guda nawa ne naka, su za ka yi ta ɗaurewa daga safe har a tashi, har ya ce yakan yi mafarkinsu. Ƙafa ta kumbura don tsayuwa, kunne ya yi ta kuwwa bayan an tashi. Amma albashi ba ya latti, akwai kantin cin abinci, kuma a Kakuri ta wancan zamani, ga masaƙu ga masana'antar mota, in aka tashi aiki titi ba ya biyuwa don kekuna. Wai in saurayi ya je zance da kayan aikin kamfani a jikinsa, rabin magana ta ƙare.

Daga baya aka mayar da shi sashen da ake kai motocin da suka faɗi gwajin ƙarshe, a gano laifinsu a gyara. Can ya koyi sauraron mota. Ya baro aikin ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnati ta kawo a 1986, da naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati, aiki ya ja baya. Ba Kaduna kaɗai abin ya taɓa ba: Volkswagen a Legas, Steyr nan kusa da mu a Bauchi, Leyland a Ibadan, duk sun ji a jika. Sai kuma motocin Kwatano suka cika gari. Duk da haka an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, alhali a Faransa, inda aka fito da ita a 1968, an daina ƙera salun ɗinta tun 1983.

To, batun inji dai ba ni da ta cewa. An sa sababbin ringi, an goge kan inji, an wanke kafireta ta Solex ɗin da ta zo da ita, an dafa lagireto an fitar da laka. Abu biyu ya yi da suka burge ni. Na farko ya mayar da tamosta, wannan ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, wanda makanikanmu ke cirewa su yar wai don kada mota ta yi zafi. Ya ce wannan dabarar Sakkwato ce, a Jos da hunturu ke daskarar da man shanu inji mai gudu da sanyi mai kawai yake sha yana cin kansa. Na biyu, ya rage wa kafireta mai. Jos ta haura mita 1,200 a kan teku, iska ba ta da kauri kamar ta Legas, in ba a rage ba filogi ya yi ta baƙi. Da kunne ya daidaita ta, ya dafa tafin hannu a kan madigad yana jin rawar injin. Yanzu da sanyin safiyar Janairu, in na ja cok, bugu biyu ta tashi.

Ƙasan motar ma ya yi shi da kyau: shokazoba huɗu, robobi, birki gaba da baya, da giris a farfela, wadda a 504 cikin bututu take tafiya. Wannan ƙasan ne ya sa Fijo ta yi suna a hanyoyinmu, kuma da irinta direban tsere Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Sati shida muka yi da shi, wata biyar ta yi. Wani jinkirin na neman kaya ne, na yarda, don gilashin fitilar gaba sai daga Kano aka samo. Amma mafi yawansa gobe-jibi ne kawai. Baba ba ya ɗaukar waya in hannunsa na cikin inji, in ya fito kuma ya manta. Ga shi ba ya iya ce wa tsofaffin abokan hulɗa a'a, duk akori-kurar da ta lalace da buhunan tumatir a baya sai a ture tawa gefe. Kuɗi ma haka. An ce min naira miliyan 1.5 za ta isa, na tashi da miliyan 2.4, ba tare da takarda ko guda ba sai lissafin baka. Ban ce an ci min kwabo ba, don duk tsohon kayan da aka cire a buhu aka ba ni. Amma mutumin da ya shekara 11 a inda ake rubuta kowane noti, a ce ba ya iya rubuta rasit, abin da mamaki.

Babbar matsalar ita ce duk abin da ba hannunsa ya taɓa ba. Fenti da wayoyi ba ya yi, bayarwa yake ga maƙwabtansa. Fanel bitan ya yi ƙoƙari wajen walda, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi ya sa sabo. Mai fenti kuwa a fili ya fesa, cikin ƙurar hunturu. In ka shafa rufin motar sai ka ji kamar bayan lemo. Bai cire robobin gilashi ba, fenti ya hau kansu. Farin ma ba irin na asali ba ne, nasa ya yi haske kamar na firiji, na da kuwa yana da ɗan ruwan madara. Abin da ya fi ci min rai, tambarin zakin gaba da mahaifinmu ke gogewa da hankici duk safiya, a wurinsa ya ɓata. Kowa na rantsuwa bai gani ba.

Riwaya kuwa saura kaɗan ya jawo min salalan tsiya. Da aka ba ni mota na ce sai na gwada ta a Hawan Kibo. Na ɗauki ƙanena muka bi ta Bukuru, Mararrabar Jama'a, Riyom, muka gangara da giya ta biyu, birki bai ko yi wari ba. Muka sha rake a Forest muka juyo. Ta haye hawan tiryan-tiryan, muna wuce tireloli masu numfarfashi, allurar zafi ba ta gota tsakiya ba. Ƙanena da ke cikin masu cewa a sayar wa 'yan gwangwan ya yi tsit. Ana kiran magariba muna dab da Riyom na kunna fitila, ba a yi minti biyar ba sai warin roba, sai duhu ɗif. Da tocilan waya muka gangara gefen hanya. Da na leƙa ƙarƙashin sitiyari, wayoyi ne aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, a gurbin fiyus ɗaya kuma zaren waya aka ɗaura. Da ba mu cire kan batir da wuri ba, da labarin ya sha bamban. Muka bar ta a wani gidan mai muka shigo motar haya.

Washegari Baba da kansa ya bi ni. Ya duba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Laifina ne, ɗana. A can da ba ta fita ƙofa ba sai ta biyo ta hannuna, ni kuma ban duba ba.” Ya sa aka sake wayoyin gaba ɗaya a gabansa, wani riwaya daban ya yi, bai karɓi ko sisi ba. Wannan ya wanke min zuciya ƙwarai, sai dai bai gyara fentin ba.

Wanda ke da tsohuwar Fijo a ajiye, 404 ce ko 504 ko 505, in inji da giya da ƙasa ne damuwarsa, ya kai wa Baba ido rufe. Fenti da waya kuwa ya nemi nasa mutanen, ya tsaya a kansu. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya bayar, ya cire tambari da 'yan ƙananan kayan ado ya tafi da su gida tun ranar farko. Kuma ya san cewa mai take sha ba na wasa ba. A awona lita ɗaya ba ta wuce kilomita tara a cikin gari, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, shi ya sa Juma'a da Lahadi kawai nake fito da ita.

Yaran Baba guda huɗu ne, uku hankalinsu na kan motocin da ake jona wa kwamfuta, ban ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Ƙaramin cikinsu ne kawai na ga yana tsugunawa kusa da shi in ana ɗaure kan inji, har an fara bari ya riƙe sifanar nan ta cikin akwati. Bayan damina zan kai ta a kankare fentin a sake, a rufaffen ɗaki wannan karon. Zakin kuma har yanzu ina cigiya, mai kayan gyaran nan na Dilimi ya ce akwai wata matacciyar wagon a Bukuru da nata bai ɓata ba, ranar Asabar za mu je.