Topaz Video AI da tsofaffin kaset na Yamai: inda yake gyara da inda yake ɓatawa

Topaz Video AI manhajar kamfanin Topaz Labs ce da ke Dallas a Amurka, aikinta ƙara girman bidiyo da tsabtace shi. A Yamai masu sitidiyo suka fi buƙatarta, su da ake kawo wa kaset ɗin VHS na biki, faifan VCD ko guntun bidiyon tsohuwar waya, a ce a mayar da shi HD don a kalla a babbar tele. Tana aiki sosai in abin da aka ba ta mai kyau ne. Sai dai duk wanda zai karɓi kuɗin mutane da ita ya san cewa ba ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ƙirƙirar sa take yi.

Lissafin a fili yake. Hoton VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsaye, wato ɗigo 101,376. Allon 1920 da 1080 yana cin sama da miliyan 2. Ke nan cikin kowane ɗigo 20 da ido zai gani, kusan 19 hasashen manhaja ne. Bidiyon 3GP na tsofaffin wayoyi, mai 176 da 144, ya fi haka muni nesa ba kusa ba. MiniDV da DVD kuwa suna da 720 da 576, kuma a kansu ne Topaz ke nuna gwaninta: layukan da suka yi zigzag su miƙe, dusar hoton dare ta kwanta, launin shadda ya fito.

Mafi yawan aikin da ke lalacewa, tun wurin kwafe kaset yake lalacewa. Kaset ɗin da aka naɗa daga Télé Sahel a zamanin analog da tsarin launi na SECAM yake, in aka sa shi a na'urar bidiyon da tsarin PAL kaɗai take karantawa sai ya fito baƙi da fari, kuma Topaz ba zai dawo da launin asali ba. A goge kan na'urar daga ƙurar hunturu kafin a fara. In na'urar na da mafitar S-Video, a yi amfani da ita maimakon waya mai rawayan kai, domin tana raba haske da launi. MiniDV a kwafe shi ta wayar FireWire yadda yake, awa ɗaya wajen 13 GB. Kada a matse fayil ɗin kafin a shigar da shi, kuma kada a yi aiki da kwafin da ya biyo ta WhatsApp muddin na asali yana nan.

Sai batun saƙar layi. Hoton VHS da DV rabi-rabi yake zuwa, rabi 50 a daƙiƙa, masu haɗuwa su ba da hoto 25. In ba a warware saƙar ba, duk hannun da ya motsa sai ya fito da haƙoran mataji, manhajar kuma ta ɗauka ado ne ta ƙara masa kaifi. Cikin samfuran Topaz, wato hanyoyin gyaran da ake zaɓa a manhajar, Dione don wannan aka yi shi, Iris ma yana karɓar hoto mai saƙa. Masu ƙwarewa da yawa sun fi son su warware da matacin QTGMC cikin manhajar Hybrid, wadda kyauta ce, su fitar da hoto 50 a daƙiƙa sannan su miƙa wa Topaz. Motsin rawa da na makaɗa ya fi santsi a haka.

Samfurin Proteus ne ya fi dacewa da yawancin kaset, don yana barin mutum ya juya kowane ma'auni da hannunsa. Na gyaran matsewa a ɗaga shi in VCD ne, saboda murabba'an da MPEG-1 ke bari. Na kaifi da na rage dusa a bar su ƙasa. A ƙarshe a ƙara ɗan tsaki-tsaki, shi ke hana fata yin sumul kamar an shafe ta da kaki.

Fuska ce wurin da ya kamata a yi taka-tsantsan, kuma nan ne babban aibin manhajar. Iris an yi shi don fuskoki, yana kyau in mutum na kusa da kyamara. Amma tsohuwar da ke zaune a layi na uku cikin taron suna, wadda fuskarta ba ta wuce ɗigo 20 ba, sai ya gina mata ido da haƙoran da ba nata ba. Zanen aska a kunci yakan ɗauke shi a matsayin datti ya share. Zanen lalle a hannun amarya ya narke ya koma wani abu dabam, rubutun allo ko lambar mota su zama haruffan da babu su a kowane harshe. Iyalin da suka kawo kaset don su sake ganin mahaifiyarsu da ta rasu ba wannan suka zo nema ba. Saboda haka a gwada daƙiƙa 10 a wurin da fuskoki suka fi ƙanƙanta, a nuna wa mai kaset, in ya ce ba ita ba ce a sauke ma'auni ko a koma Proteus.

4K a kan VHS ɓata lokaci ne da wuta. A tsaya a 1440 da 1080, VCD kuma 960 da 720 ya ishe shi. Siffar 4:3 a bar ta yadda take da baƙin gefe, in aka ja ta ta cika allo kowa sai ya yi gajere ya yi faɗi.

Manhajar na da cin na'ura. Ana son RAM 16 GB aƙalla da katin girafik na gaske, irin su RTX 3060. Awa ɗaya a hoto 50 daidai take da hoto 180,000, in kwamfuta na sarrafa 5 a daƙiƙa, awa 10 ke nan. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura 40, katin kan rage gudu da kansa in ya yi zafi, don haka aikin dare a ɗaki mai sanyi ya fi. Saboda ɗaukewar wuta, a yanka bidiyo guntu-guntu na minti 10, a haɗe daga baya. Ana buƙatar intanet don shiga da sauke samfura. Da dalar Amurka ake biya. Murya kuwa ba ta gyara ta, sai an bi ta da manhajar gyaran sauti ta Audacity.

Wurin miƙa aiki a fitar da MP4 mai H.264, domin tsofaffin tele da yawa ba sa karanta H.265. Kile USB mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai 4 GB, sai a raba shi biyu. A sa wa mai kaset kwafin asali da ba a taɓa ba kusa da wanda aka gyara, a mayar masa da kaset ɗinsa.