Allurar PRP a jijiyar agara: abin da na biya a Abuja da abin da na samu

Wata 14 na yi ina fama da jijiyar agarar ƙafata ta dama kafin in je Abuja. Ni malamin makaranta ne a Zariya, Asabar da Lahadi kuma ina alƙalancin ƙwallo a gasar unguwanni. Ban faɗi ba, ba wanda ya taka ni, a hankali ciwon ya shigo. Da asuba in na sauko daga gado sai in ji bayan dunduniya ya sage, sai na ɗingisa har masallaci kafin ya saki. Daga baya wani ƙulu ya fito kamar yatsa uku sama da diddige. Zaman tahiya ya gagare ni, na koma sallah a kan kujera, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan.

Man zafi babu irin wanda ban shafa ba. Mai ɗorin unguwarmu, dattijon kirki, ya taɓa wurin ya ce ba targaɗe ba ne, ba karaya ba, don haka ba aikinsa ba ne. Diclofenac kuwa na sha har cikina ya fara ƙuna. Ana haka ƙanina ya turo mini bidiyon wani asibitin kuɗi a WhatsApp, suna tallar PRP, "allurar da 'yan ƙwallon Turai ke yi", wai da jininka ake sabunta maka jijiya. Shi ne na tafi asibitin a Abuja.

Likitan da na gani shi ne abin yabo na farko a wurin. Sai da ya shafe kusan rabin awa yana tambayata kafin ya ɗora na'urar sikanin a ƙafata. Ya nuna mini a allo yadda agarar ta yi kauri a tsakiya, zarenta sun hargitse, ya kwatanta da ta hagu. Sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Malam, ka sha cipro kafin ciwon ya fara?" Na sha, na taifot, daga kyamis na saya. Ya ce tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kan dangin wannan magani, domin yana iya raunana jijiya har ta tsinke, musamman ta agara. Bai ɗora masa laifin gaba ɗaya ba, ya ce gudu a busasshen fili da shekaru 43 ma suna da nasu rabon. Amma yadda muke haɗiyar cipro a ƙasar nan da an ji zazzaɓi, wannan magana kaɗai ta isa a yi tafiya dominta.

Na roƙe shi allurar kashe kumburi ta steroid, ya ƙi, ya ce a agara tana iya jawo tsinkewa. Da muka zo kan PRP ɗin da ta kawo ni, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce a 2021 an gwada ta a Birtaniya a kan mutum 240 masu irin ciwona, rabi aka yi musu ta gaske, rabi aka soka musu allura kawai, bayan wata 6 ba a ga bambanci ba. A Holan ma a 2010 an gwada ta da ruwan gishiri a kan mutum 54, sakamako iri ɗaya. Shawararsa ita ce in fara da atisaye. Ni kuma na gaji da ciwo, na riga na sa rai, na ce a yi.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Aka ɗebi jini a hannuna, aka sa a wata na'ura mai juyawa da gudu kamar minti 15, jinin ya rabu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Daga nan ake zuƙo sashen da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, su ne ake fatan za su tayar da gyara a jijiyar. Komai a gabana aka buɗe shi sabo, ɗakin tsaf, kuma yana kallon allo yana shigar da allurar. Akwai zafi sosai, kada wani ya ce maka babu. Aka hana ni ibuprofen da diclofenac, sai paracetamol. Na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ƙafa na zugi, kwana uku ban taka da kyau ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne teburin karɓar kuɗi. Abin da likita ya faɗa a ciki daban, abin da ake faɗa a waje daban. Allura ɗaya ta kusa cinye albashina na wata, amma suka dage in biya kuɗin guda uku a dunƙule wai akwai rangwame, har da cewa da wuya mutum bai warke ba. Wanda bai samu likita mai gaskiya irin nawa ba zai sayar da babur ɗinsa a kan wannan magana. Kuma bayan na tafi ba wanda ya kira ya ji yadda na kwana.

Mako shida na zauna ina jiran allura ta yi aiki. Asuba tana nan yadda take. Sai na lalubo takardar da ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta ba ni ranar allurar, na kira ta. Allah ya saka wa baiwar Allah nan, ta yi mini bayani a waya ba ta karɓi ko sisi ba. Tsarin wani likitan Suwidin ne, Alfredson, na 1998. Ka tsaya da yatsu a bakin matakala, ka ɗaga da lafiyayyar ƙafa, ka sauke diddigen mai ciwo a hankali ƙasa da matakalar. Sau 15 har zagaye uku gwiwa a miƙe, haka kuma gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma. Sau 180 ke nan kullum, har mako 12. Ta ce ɗan zafi ba laifi, in ya daina zafi in ƙara nauyi. Ta kuma ja kunnena: in na ji ƙara kamar an jefe ni da dutse a bayan ƙafa, in tafi asibiti a ranar.

A dakalin ajinmu nake yi, da jakar goyo cike da littattafan ɗalibai. Mako na biyar sagewar asuba ta ragu. Mako na goma na zauna tahiya a ƙasa, sai da na yi hawaye. Ni dai a wurina atisayen nan ne ya yi aikin, shi ya sa ban koma allura ta biyu ba. Kuɗin ganin likita da sikanin sun halatta, ko ɗan'uwana ne zan ce ya je ya biya su. Na allurar kuwa da na riƙe abina har sai na cika mako 12 a bakin dakali.

Ƙulun bai ɓace duka ba, da sanyin hunturu yana ɗan motsawa. Asabar da ta wuce na busa rabin wasa na yara 'yan ƙasa da shekara 15, na miƙa wa mataimakina usur a hutun rabin lokaci kamar yadda ma'aikaciyar nan ta umarce ni. Wata mai zuwa za mu gwada cikakken wasa.