Maltina: abin sha marar giya daga kamfanin giya

Kamfanin Nigerian Breweries, wanda ya buɗe masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna a shekarar 1963, shi ne ya fito da Maltina a 1976. Ana yin ta ne da hatsin da aka tsirar, aka dafa, aka tace, amma ba a barin ruwan ya yi tsami har ya koma barasa, shi ya sa take shiga gidajen biki da na suna ba tare da tsangwama ba. Idan ta yi sanyi sosai, ƙanshinta da kaurinta suna gamsarwa, musamman ta kwalba, wadda a ganina ta fi ta gwangwani daɗi. Sai dai zaƙinta ya yi yawa, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara.