Sharhi Kan Kayan Buɗe Bonet Idan Hannun Ja Ya Daina Aiki

Kaya huɗu na gwada a kan bonet ɗin da ya ƙi buɗewa: man fesawa mai cin tsatsa, filaya mai kulle baki, doguwar ƙugiyar ƙarfe mai tsawon kusan santimita 40, da sabuwar wayar bonet irin wadda ake cewa tana shiga kowace mota. Uku daga ciki sun yi aikin da aka saye su dominsa. Ta huɗun, wato wayar, ina da ja a kanta, kuma zan zo kanta a gaba. Sai dai babu ɗayansu da zai amfane ka idan ba ka fara gane abin da ya lalace ba, kuma hannun da ke ƙarƙashin dashbod, wanda ka ja ya ƙi, shi ne zai gaya maka.

Ga yadda abin yake a ciki. Daga hannun nan wata siririyar wayar ƙarfe take tashi, tana tafiya a cikin kube mai rufin roba. Kuben a kafe yake a bakinsa biyu, ba ya motsi, wayar ce kawai ke zamewa a cikinsa. Tana ratsa bangon da ya raba ɗakin inji da wurin zama, ta bi gefen madigadi, ta ƙare a makullin da ke gaba, saman lagireto. A kowane bakin wayar akwai ɗan ƙululun ƙarfe da ke zama a gurbinsa. Idan ka ja hannu, wayar ta janye wani ɗan harshe a jikin makullin, makullin ya saki zoben da ke manne a ƙasan bonet, sifirin ya cilla bonet ɗin sama kamar faɗin yatsa biyu. Daga nan sai ƙugiya ta biyu, ta kariya, wadda ake turawa da yatsa daga waje.

To, ka ja hannun a hankali ka saurari abin da yatsunka ke ji. Idan ya taho sakwaf, babu nauyi ko kaɗan, kuma bai koma da kansa ba, waya ta tsinke ko ƙululun ya fice daga gurbinsa. Idan yana da ɗan nauyi amma ya kai ƙarshe ba ka ji ƙarar saki ba, waya ta miƙe, ko bakin kuben ya kuɓuce daga inda aka kafe shi, jan da kake yi ba ya isa makullin. Idan kuwa ya yi tauri kamar an ɗaure shi, tsatsa ce, ko dai a makullin ko a cikin kuben. A wannan hali na uku kada ka sa ƙarfi. Yawancin hannayen roba ne, kuma fizga ɗaya ta isa ta mayar da ƙaramar matsala babba.

Kafin a ɗauko kowane ƙarfe, akwai gwajin da ba ya cin komai sai mutum biyu. Ɗaya ya ja hannun ya riƙe, ɗaya ya ɗora tafukansa biyu a gaban bonet, daidai saitin makullin, ya danna ƙasa ya saki, sau uku ko huɗu. Dannawar tana rage matsin da zoben yake yi wa makullin, sai harshen ya samu sarari ya motsa. Ka danna a bakin gaba inda ƙarfen yake ninki biyu, ba a tsakiya ba, domin tsakiyar tana lotsawa, ballantana bonet ɗin alminiyam. Akwai kuma lokacin da makullin ya riga ya saki, sifirin ne ya mutu ko robar gefe ta manne, bonet ɗin yana kwance kamar a kulle. Wanda ke waje ya sa yatsu a tsagar gaba ya ɗaga yayin da na ciki yake riƙe da hannun.

Man fesawa. Na yi amfani da mai cin tsatsa wanda yake zuwa da siririn tsinke, kuma tsinken nan shi ne rabin amfaninsa, domin ba tare da shi ba man ba zai kai makullin ba, ragar gaba kawai za ka jiƙa. Ka haska tocila ta cikin ragar, ka nemo makullin, ka fesa a kan ƙusar da harshen yake juyawa a kanta da kuma kan sifirin. Sannan ka bari ya zauna minti 10 zuwa 15. Nan ne mutane suke gaggawa, su fesa su ja nan take, su ce man ba shi da kyau. Man yana buƙatar lokaci ya ratsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan ya zauna, a maimaita gwajin ja da dannawa. A kan makullin da tsatsa da ƙura suka riƙe, wannan kaɗai yakan isa. WD-40 na yau da kullum ma yana yin wannan aikin idan tsatsar ba ta yi nisa ba. Abin da man fesawa ba ya yi shi ne gyara tsinkakkiyar waya, kuma ba ya tsayawa a madadin giris, saboda ruwa-ruwa ne, bayan ɗan lokaci ya bushe.

Filaya mai kulle baki ita ce abin da na fi yabawa a cikin huɗun, domin wayar bonet ta kan lalace a bakin hannun, inda ake lanƙwasa ta kullum. Ka kwance hannun, galibi sukurori biyu ne ko noti mai lamba 10, wani lokaci sai an ɓalle robar gefen ƙafar direba. Idan ka ga bakin wayar, ka damƙe ta da filayar ka kulle. Abin lura a nan: wayar ciki za ka ja, ba kuben ba, kuma dole kuben ya tsaya cak. Idan ka ja su tare, babu abin da zai motsa a gaba. Ka riƙe kuben da wata filayar ko ka tokare shi a gurbinsa, sannan ka ja wayar a miƙe, santimita biyu ko uku sun isa. Filaya ta gama-gari tana zamewa a kan wayar, tana warware silin ƙarfen, har ka rasa abin kamawa. Mai kulle baki kuwa in ta kama ta kama. Mai siririn baki ta fi, musamman idan guntun da ya rage gajere ne. Idan wayar ta tsinke can cikin kuben, ka yanke kuben a hankali kamar santimita uku don ka fito da ita.

Idan ka ja wayar ta biyo ka gaba ɗaya, to ta tsinke ne a gefen makullin, kuma aiki ya koma gaba. Nan ne ƙugiyar take shigowa.

Da farko a kashe inji, a zare makullin tayar da mota, a bar motar ta huce aƙalla rabin awa. Fankar lagireto ta lantarki tana iya tashi da kanta ko inji a kashe yake idan akwai zafi, kuma hannunka zai kasance kusa da ita. Sai ka haska ta ragar gaba, ka nemi inda kuben ya shigo jikin makullin. Harshen da kake nema yana nan kusa da bakinsa, kuma ɓangaren da kuben ya fito, can za ka ja shi. Wannan ita ce ƙa'idar da ke hana ɓata lokaci: kai ne za ka yi aikin da wayar take yi, ta fuskar da take yinsa. Ka saƙala ƙugiyar a ramin da ƙululun yake zama, ka ja gefe, wani kuma yana danna bonet ƙasa kaɗan.

Ƙugiyar da na gwada tana da ƙarfi, ba ta miƙe ba, kuma lanƙwasar bakinta ta shiga ramin daidai. Ta fi doguwar sukundireba, domin sukundireba turawa kawai take yi, kuma idan ta zame, bayan makullin akwai kwandensar na'urar sanyi da lagireto, dukansu na siririn alminiyam ne, huda ɗaya ta jawo kashe kuɗin da ya ninka na wayar sau da yawa. Aibinta shi ne tsininta yana karce fenti da robar raga, don haka na naɗe jikinta da salatif, na bar bakin kawai. Wayar rataye kaya da wasu suke lanƙwasawa ba ta da wannan ƙarfin, tana miƙewa tun kafin harshen ya motsa.

Ba kowace mota ce ke ba da hanya ta raga ba. Wasu an sa wa makullinsu murfi na kariya daga ɓarayi. A irinsu hanya biyu ta rage. Ta farko, a karya sitiyari ko a cire tayar gaba ta gefen da hannun yake, a ɓalle robar cikin madigadi, domin a motoci da dama wayar ta nan take wucewa, kuma idan ka kama ta ka ja da ƙarfi zuwa baya ko gefe, makullin yakan saki, in dai ba a gefen makullin wayar ta tsinke ba. Ta biyu, ta ƙasa: a ɗaga motar, a cire robar da ke rufe ƙarƙashin inji, a miƙa hannu ko ƙugiya sama ta tsakanin bamba da lagireto. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya weji. Motocin da ke da makulli biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kamar BMW da yawa, suna da ɗan akwatin da wayar take rabuwa a ciki, kuma idan gefe ɗaya ya saki ɗaya ya ƙi, can ake dubawa. Akwai kuma waɗanda ba su da hannun ciki sam, kamar Ford Focus na farko da na biyu da aka yi wa kasuwar Turai, waɗanda ake buɗe bonet ɗinsu da makullin mota a bayan tambarin da ke kan raga, a murɗa hagu sannan dama.

Ɓalle bonet da ƙarfen cire taya kuwa, ba na ba kowa wannan shawarar. Makullin ya fi bakin bonet ƙarfi, bonet ɗin ne zai lanƙwashe.

Yanzu wayar. Wadda na saya ta gama-gari ce, doguwa, ana yanke ta daidai tsawon da ake so, a ɗaure bakinta da ɗan ƙarfe mai sukuro a maimakon ƙululun da aka matse tun daga masana'anta. Ta buɗe bonet, ban musa ba. Amma bakin kubenta bai zauna daram a gurbin makullin ba, sai da aka ƙara masa ɗauri, kuma sukuron nan yana iya sakin waya idan makullin ya sake yin tauri. Na ɗauke ta a matsayin ta wucin gadi. Wadda aka ƙera domin irin motar, da tsawonta da robar da ke toshe ramin bango, ta fi kwanciyar hankali, kuma da lambar jikin motar ake nemo ta don kada a yi kuskure.

Wajen sa sabuwa, kada ka zare tsohuwar haka kawai. Ka ɗaura mata igiya mai ƙarfi a bakin gaba, ka janye ta ta cikin mota, igiyar ta bi hanyar, sannan ka ɗaura sabuwar ka jawo ta da igiyar. Ka mayar da ita cikin duk maƙalanta, kada ta yi lanƙwasa mai tsanani, kada ta taɓa wurin zafi. Robar bango ta koma mazauninta, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga ƙarƙashin kafet.

Makullin shi ma a wanke shi da burushi da man fesawa har baƙin dattin ya fita, a goge, a shafa farin giris na litiyam a harshen, da sifirin, da ƙugiyar kariya, da zoben ƙasan bonet. Sau biyu a shekara ya wadatar. Idan za a kwance shi, a zana gefensa da alƙalami tukuna, domin ramukan notinsa dogaye ne, kuma in ya goce da milimita biyu ko uku bonet zai iya sake maƙalewa. A duba robobin nan biyu na kusurwa da bonet yake sauka a kansu, ana murɗa su sama ko ƙasa, kuma idan sun yi tsawo da yawa suna sa zoben ya matse makullin.

Kada ka rufe bonet sai ka gwada. Ka danna jikin sukundireba a bakin makullin, a madadin zoben, har ya kulle, sannan wani ya ja hannun ka ga ya saki. A yi haka sau biyar. Idan ya saki kowane karo kuma harshen yana komawa da kansa, sai a sauke bonet daga tsayin kamar santimita 20 ya rufu da nauyinsa, a kama bakinsa a ja sama. Idan ya ɗago ya tsaya a kan ƙugiyar kariya, babban makullin bai kama ba, kuma kada motar ta hau titi a haka, domin iska tana iya ɗaga bonet ɗin ya rufe gilashin gaba ana cikin gudu.