Atamfar masaƙar gida: saƙar ta yi, bugun ne abin haushi

Ni tela ce a Tudun Wada ta Kaduna, kuma masu kawo min ɗinki sun san ina son kayan gida. Kwanan baya wata Hajiya ta kawo min atamfar wata masaƙa ta nan Arewa don ankon bikin 'yarta. Ba zan kama sunan masaƙar ba, akwai bayin Allah da ke cin abinci a wurin.

Yadin kansa ba shi da laifi. Auduga ce zalla, da nauyinta a hannu, tana shan gumi, ba ta zamewa ƙarƙashin allura. Ba irin 'yar China mai haɗin roba ba ce, wadda in kin matsa mata dutsen guga sai ta yi ƙyalli ta ƙanƙance. A zafin bazara za ki sa wa wanda ya saƙa ta albarka.

Bugun ne ya ɓata rawar da tsalle. Zanen ganye ne, kore a kan shuɗi, amma a wasu turamen koren ya kauce daga layinsa da kusan faɗin farce, ganyen ya yi kamar mai inuwa. Shuɗin wani turmin ya fi na wani duhu, alhali lamba ɗaya ce a bakinsu. Ga mai ɗinka kayan zaman gida wannan ba komai ba ne, amma anko? Mata su jeru a hoto kowa da kalarta? Na yanki ƙyalle na jiƙa a roba, kafin in gama yanka hannun riga ruwan ya rine. Tana zuba sosai. Da na auna kuma, akwai turmin da bai cika yadi shida ba.

Ƙanin maigidana a sashen bugu na masaƙar yake aiki, don haka na tare shi da ƙyallen. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Anti, mu ma da idonmu muke ganin tana fita haka. Wa za ka faɗa wa?" Dattijon da ya shekara da shekaru yana haɗa musu kala, an sallame shi wai albashinsa ya yi yawa, aka ɗauko yaran wucin gadi da ake biya kullum-kullum. Injin bugun ya daɗe yana neman gyara, kanikawa sun rubuta sun gaji, takardar na teburin manaja. Sayen rini kuma an ba wani surukin babba, shi ke kawo abin da ya ga dama. Masu duba kaya kafin a naɗe, an ce musu kada su ƙara mayar da ko turmi ɗaya baya. Albashi sai an haɗa watanni, shi ya sa da yawansu in sun tashi aiki sai su kama tuƙin Keke har dare. Mutumin da bai yi barci ba, gidansa ba hatsi, shi za a ce ya sa ido kan layin ganye?

Na san abin da manyan za su ce: wuta babu, baƙin mai da dizal sun yi tsada, ga kayan fasa-ƙwauri sun cika Kantin Kwari. Duk gaskiya ne. Amma rashin wuta ba shi ya kori mai haɗa kala ba. Mu 'yan Kaduna mun ga ƙarshen irin wannan tafiya. Masaƙar KTL da gwamnatin Sardauna ta kafa a Kakuri a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, an rufe ta a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin jihohin Arewa 19 da suka mallake ta kuɗin sallama, da dama suka rasu ba su karɓa ba. Ita ma masaƙar UNTL ta nan Kaduna ta tsaya a 2007. A 2010 gwamnatin tarayya ta fito da bashin naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba. Ni dai a ganina, kuɗi ba sa gyara wurin da mai riƙe da shi ba ya sauka ɗakin injin ya ji ta bakin masu aiki.

To, a saya ko kar a saya? Don zanen zaman gida, kayan yara ko zanen goyo, ki saya, za ta yi miki ƙarko, kuma kuɗinta da sauƙi. Sai dai ki wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi da ɗan gishiri, ki shanya a inuwa. Don lefe ko anko kuwa, kar ki yarda a ba ki a naɗe. Ki sa a buɗe kowane turmi a hasken rana, ki jera su ki gwada kalar, ki auna a gaban mai shago. Ita Hajiya raba mata na yi gida biyu: masu duhun na dangin uwa, masu hasken na ƙawayen amarya, gajeren turmin kuma ta mayar aka canza mata.